Darasi Na Tara: Wa Ya Fara Ƙirƙiro Shi?

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta ƙirƙira da ganowa da ingantawa da yaɗawa;
2. faɗin dalilin da ke sa ƙasashe biyu ko uku su yi ta musu a kan abu guda;
3. auna labarin "mu muka fara" da tambayoyi uku kafin ya yarda da shi ko ya tura wa wani.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Mada bayan kasuwa ta watse ya san yadda musu ke tashi. Saurayi zai ɗago waya ya ce wa dattijon da ke gefensa, "Baba, kun ji wai ɗan Najeriya ne ya ƙirƙiro intanet?" Dattijo ya ajiye kofi ya ce, "Mi kac ce, yaro? Ai duk ilimin Turawan nan wurin Larabawa suka kwashe shi." Kafin a ankara direban da ke lodi zuwa Gusau ya sa baki da batun kilishi, ya rantse mutanen Nijar ne suka koya mana, wani mahauci kuma ya ce sam, daga nan aka kai musu. Shayi ya huce, kowa ya tashi da ra'ayin da ya zo da shi.

Irin wannan musu bai tsaya a teburin mai shayi ba. Majalisun dokoki na manyan ƙasashe sun yi shi, an sa shi a littattafan makaranta, har ranakun biki an ware dominsa. Mafi yawan lokuta kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, sai dai kalmar "ƙirƙira" da suke ja a kanta kowa da abin da yake nufi da ita. Saboda haka daga kalmomin za a fara.

1. Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

> AKWATIN MA'ANA NA 1
> Ƙirƙira: samar da kayan aiki ko dabarar da ba a san ta ba a da.
> Ganowa: fahimtar abin da dama yana nan, amma mutane ba su san da shi ba.
> Ingantawa: gyara abin da ake da shi don ya fi ƙarko, ko sauƙi, ko araha.
> Yaɗawa: kai abu ga jama'ar da ba ta da shi, har ya shiga hannun kowa.

Misali daga maƙera. Wanda ya fara lura cewa akwai ƙarfe a cikin dutsen tama, ganowa ya yi, domin ƙarfen na nan tun kafin a haife shi. Wanda ya fara gina murhun narka tama da zuga-zugi, shi ya yi ƙirƙira. Maƙerin Bungudu da ya sauya lanƙwasar bakin garma don ta fi shiga ƙasa mai tauri, ingantawa ya yi. Ɗan kasuwar da ya ɗauki garmar ya kai ta Tsafe da Funtuwa har manoman can suka saba da ita, nasa aikin yaɗawa ne. Dukkan huɗun sun cancanci yabo, amma in aka kira kowannensu "wanda ya ƙirƙiro garma", an shuka gardamar da ba ta ƙarewa.

2. Abu kan bi hannu da hannu

Lambobin da mai awo ke rubutawa a littafin bashi, wato 1, 2, 3 har zuwa 9 da sifili, Turawa na kiran su lambobin Larabawa. Su kuwa Larabawan dā lissafin Hindu suke ce musu, domin daga Indiya suka same su. A shekarar 628 wani masanin Indiya mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili. Wajen shekarar 825 Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza yana koyar da wannan lissafi na Indiyawa. Daga nan sai wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koye shi a garin Bijaya na Aljeriya inda mahaifinsa ke aiki da fatake, ya fitar da nasa littafin a 1202. Ita kanta kalmar sifili daga Larabci Hausa ta aro ta, Larabci kuma ya fassaro ta ne daga kalmar Indiyawa mai nufin fanko.

Dattijon teburin shayi yana da gaskiya cewa Turai ta koya daga Larabawa. Abin da ya tsallake shi ne su ma Larabawan sun koya daga wasu, kuma malamansu ba su ɓoye hakan ba, a kan sunan littafin ma suka rubuta shi.

Takarda ma haka ta yi tafiya. Tarihin Sin ya danganta gyara yadda ake yin ta ga wani bafaden sarki, Cai Lun, a shekarar 105. Ta iso Samarƙandi da Bagadaza a ƙarni na 8, sannan ta shiga Turai ta Andalus da Italiya. Wanda ya ɗaga shafin tsohon littafin hannu na ƙasar Hausa na ƙarni na 19 zuwa ga hasken rana, sau da yawa zai hango tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Wannan tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, fatake suka ƙetaro Sahara da takardar daga Tarabulus da Alƙahira. Garuruwan malamai irin su 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, a kan irin wannan doguwar hanyar fatauci karatunsu ya dogara. Dabarar Sin, aikin Italiya, raƙumin Buzu, alƙalamin malamin Hausa, duk a shafi ɗaya.

Ko a gona labarin bai sauya ba. Masara, gyaɗa, rogo, dankali, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Masana harshe na ganin sunan masara ma yana nuni da Masar, hanyar da ta biyo ta shigo. Gero da dawa da wake kuwa na Afirka ne tun asali; an tono ragowar geron da aka noma a arewacin Mali mai kimanin shekara 4,500. Kwanon tuwo da miya guda ɗaya yana ɗauke da aikin manoman nahiyoyi biyu.

3. Mutum biyu, rana ɗaya

Wani lokacin zamani ne ke nuna, kamar yadda gero ke nuna a gonaki da yawa cikin mako guda. Idan ilimi da kayan aiki suka kai wani matsayi, sai mutanen da ba su san juna ba su iso ƙofa ɗaya kusan tare.

> AKWATIN MA'ANA NA 2
> Takardar mallakar ƙirƙira: shaidar da hukuma ke ba mutum cewa shi kaɗai ke da ikon ƙera wani abu ya sayar, na wasu shekaru. Tana nuna wanda hukuma ta amince wa. Ba lallai ta nuna wanda tunanin ya fara zo masa ba.

A ranar 14 ga Fabrairu, 1876, takardu biyu suka shiga ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, duka a kan aika murya ta waya. Ɗaya ta Alexander Graham Bell ce, ɗaya ta Elisha Gray. Bell aka ba takardar mallaka ranar 7 ga Maris, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kai. Akwai mutum na uku, Antonio Meucci, ɗan Italiya mazaunin New York, wanda ya shigar da sanarwar share fage tun 1871, amma ya daina sabunta ta a 1874 yana fama da talauci. Har yau masana na saɓani a kan ko na'urarsa ta kai a kira ta wayar tarho.

Abin da ya fi jan hankali ya faru ne bayan shekara fiye da ɗari. A watan Yunin 2002 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin girmama aikin Meucci, Italiyawa suka yi murna. Kwana goma bayan haka majalisar Kanada ta mayar da martani da nata ƙudurin cewa Bell ne ya ƙirƙiro tarho. Me ya kawo Kanada ciki? An haifi Bell a Edinbara ta Sikotilan, iyayensa suka koma Kanada da shi a 1870, ya yi aikinsa a Boston ta Amurka. Ƙasa uku na cewa ɗansu ne. Ƙuri'ar 'yan majalisa dai ba ta ƙara ko rage komai daga abin da ya faru a 1876 ba.

4. Kowa da inda ya ja layinsa

A makarantun Amurka ana koyar da cewa 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke, su suka fara tashi da jirgin sama mai inji ranar 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, nisansa kimanin mita 37. A Barazil kuwa yara na tashi da sunan Alberto Santos-Dumont, wanda ya tashi a birnin Faris a watan Oktoban 1906 a gaban taron jama'a. Hujjar Barazil ita ce jirginsa da ƙafafunsa na taya ya tashi, a idon alƙalai, alhali na 'yan Wright a kan doron katako yake fara gudu, kuma mutane ƙalilan ne suka gani. Masu goyon bayan 'yan Wright na da hoto da shaidu, kuma tun 1905 jirginsu ya yi sama da rabin sa'a yana shawagi. A nan hujjarsu ta fi nauyi. Amma a lura da dabarar: kowace ƙasa ta zaɓi ma'anar "tashi" da za ta sa ɗanta ya zo na farko.

Rediyo ma haka. Italiya na da Marconi, Rasha na bikin ranar rediyo kowace 7 ga Mayu don tunawa da gwajin Popov na 1895, Indiya kuma na ambaton Jagadish Bose.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi kusa da gida, wato ɗora wa ƙasa abin da ya girme ta. An haɗe Najeriya a 1914, Nijar ta sami 'yanci a 1960, an yanko Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996. Mahautan Maraɗi da na Gusau sun daɗe suna yanyana nama su shanya a rana su shafa masa tunkuza da yaji tun kafin Ingila da Faransa su ja iyaka a tsakaninsu. Tambayar "kilishi na Nijar ne ko na Najeriya" tamkar a tambayi kaka ne wane jikanta ya haife ta. Musun dafa-dukar shinkafa da ake kira jalof tsakanin Najeriya da Gana ma kusan haka yake: sunan na tsohuwar daular Jolof ne a Sanagal, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa shinkafa da kifin Sanagal cikin jerin al'adun duniya, amma ba ta yanke wa kowa hukuncin wanda ya fi iya girki ba.

5. Awo da tambayoyi uku

Almajirin da ya yi karatun hadisi ya san isnadi: ba a karɓar magana sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Wannan tarbiyya ita ake buƙata a nan.

> AKWATIN MA'ANA NA 3
> Iƙirari: abin da mutum ya faɗa kafin a tabbatar da shi.
> Hujja: abin da wani zai iya dubawa da kansa, kamar takarda mai kwanan wata, hoto, ko kayan da aka tono.
> Tambayoyi uku: Me ake da shi kafin mutumin? Me ya ƙara da kansa? Wa ya shaida, kuma yaushe aka rubuta shaidar?

*Misali na farko: tukunya cikin tukunya.* Mai sayar da kayan gwari a Mada ya san baƙin cikin kwandon tumatir da ya kwana uku cikin zafin bazara: na sama ya yi laushi, na ƙasa ya fara ruwa, ƙudaje sun taru, dole a karyar da farashi. A shekarun 1990 wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya fuskanci wannan matsala. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki idan iska ta buso. Tumatir da tattasai kan kai mako uku, muddin ana ƙara ruwa sau biyu a rana kuma an ajiye tukunyar a inuwa mai iska. Da damina aikinta kan ragu, domin iska mai laima ba ta shan ruwa da sauri.

A sa tambayoyin. Me ake da shi kafinsa? Kowace tsohuwa ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, Misirawan dā ma sun san haka. Me ya ƙara? Ya tsara tukwane biyu da yashi don adana kayan lambu, ya sa magina suka yi dubbai, ya raba wa ƙauyuka da kuɗin aljihunsa. Wa ya shaida? Ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000, kuma kowa na iya gwada tukunyar a tsakar gidansa. Hukunci: ingantawa da yaɗawa, aiki mai girma da ya taɓa rayuwar talakawa. Bah Abba ya rasu a 2010, kuma abin takaici ne a ce yaran arewa da yawa sun haddace sunan Edison ba su taɓa jin nasa ba.

*Misali na biyu: saƙon intanet da saurayin teburin mai shayi ya karanta.* Mutumin da ake nufi shi ne Philip Emeagwali, haifaffen Akure a 1954. A 1989 ya sami kyautar Gordon Bell saboda amfani da babbar kwamfuta wajen lissafin yadda mai ke gudana a ƙarƙashin ƙasa. Wannan gaskiya ne, abin alfahari ne kuma. Sai dai saƙon farko a kan ARPANET, uwar intanet, an aika shi ne a watan Oktoban 1969, lokacin yana ɗan shekara 15. Ƙa'idojin da ke haɗa kwamfutocin duniya Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa su a 1974, shafukan yanar gizo kuma Tim Berners-Lee ya tsara su a 1989. Hukunci: kyautar tabbas ce, ƙirƙirar intanet kuwa ƙari ne da aka yi wa labarin.

*Misali na uku: hatimin Bakatsine.* A duba waɗannan lambobi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina aka tara su, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin gina irin wannan hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Sinawa da Larabawa sun san wannan hatimi ƙarnuka kafinsa, don haka ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Abin da ya tabbata ya isa a yi tinƙaho da shi: malami daga ƙasar Hausa ya koyar da lissafi a Alƙahira kusan shekara ɗari uku da suka wuce.

6. "Mafi tsufa da aka samu"

A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Wanda aka tono a Pesse ta ƙasar Holan ya girme shi. Kyan sassaƙar kwalekwalen Dufuna na nuna masassaƙin ya gaji sana'ar ne daga wasu da suka riga shi. A riƙe kalmomin nan da kyau: "mafi tsufa da aka samu" daban yake da "na farko da aka yi". Gobe wani mai haƙa rijiya na iya sauya lissafin.

Tambayoyin bita

1. Faɗi bambancin ƙirƙira da ganowa, ka kawo misali ɗaya daga sana'arka.
2. Jera wurare uku da lambobin lissafi suka bi kafin su isa Turai.
3. Cikin masara, gero, gyaɗa, dawa da tumatir, waɗanne ne asalinsu Afirka?
4. Me takardar mallakar ƙirƙira ke tabbatarwa, me kuma ba ta tabbatarwa?
5. Shekara nawa ke tsakanin tashin 'yan Wright da na Santos-Dumont? Wace hujja Barazil ke kawowa?
6. Me ya sa tukunya cikin tukunya ta fi aiki da rani fiye da damina?
7. Tara lambobin hatimin Misali na uku ta hanyoyi huɗu daban-daban, ka rubuta amsar kowace.
8. Me ya sa ba a ce kwalekwalen Dufuna shi ne na farko a duniya ba?

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya je wurin dattijo ko dattijuwa mai sana'a a unguwarsu, maƙeri ko maginiya ko mahauci ko masaƙi, ya gaishe su da ladabi, ya tambaya: "Baba (ko Inna), wurin wa kuka koyi wannan aiki, shi kuma wurin wa ya koya, me kuka sauya da hannunku?" A rubuto amsar cikin jimla biyar, a zo da ita aji mako mai zuwa.